Barbarar ɗabi'a ko ɗurin maniyyi: wace hanya ta dace da kiwon dolfin mai hancin kwalba?

Duk cibiyar da ke riƙe da dolfin mai hancin kwalba, ta bincike ce ko ta nuni ga jama'a, sai ta tsaya ta yanke shawara da zarar macen da ke hannunta ta balaga. Ko a sake ta da namiji su yi barbara da kansu, ko a ɗura mata maniyyin wani namijin da ke nesa, ko a dakatar da ita daga ɗaukar ciki tukuna. Shawara ce mai dogon zango. Cikin dolfin wata 12 ne, shayarwa ba ta kasa shekara ɗaya da rabi, ɗan da aka haifa kuma yana iya kaiwa shekara 40 ko fiye. Abin da aka zaɓa yau, ma'aikatan da ba a ma ɗauka aiki ba tukuna su ne za su ci gaba da ɗawainiyarsa.

Matsayarmu tun daga farko ita ce barbarar ɗabi'a ce tushe, kuma ɗurin maniyyi yana biyan wahalarsa ne a inda ake bukatar jinin wani namiji ba tare da an ɗauko shi kansa ba. Kafin a ga dalili, sai an san yadda dabbar take yi a teku, domin yawancin matsalolin da ake gani a tafkin kiwo daga can suka samo asali.

Yadda abin yake a teku

Dolfin ba kifi ba ne. Dabba ce mai shayarwa, tana shaƙar iska ta kafar da ke saman kanta, tana haihuwar ɗa ɗaya a lokaci guda. Tagwaye ba safai ake samu ba, kuma da wuya su rayu. Masu hancin kwalba iri biyu ne aka fi sani: Tursiops truncatus, wanda ya bazu a yawancin tekunan duniya masu ɗumi da matsakaicin sanyi, da Tursiops aduncus na tekun Indiya da yammacin Fasifik, wanda ya fi ƙanƙanta kuma cikinsa ke yin ɗigo-ɗigo idan ya girma. Mace tana balaga tsakanin shekara 5 zuwa 13, namiji kuma yakan ɗan makara, daga shekara 8 zuwa sama.

Mace tana sakin ƙwai da kanta, ko an hau ta ko ba a hau ta ba. Zagayen nata yakan ɗauki kusan kwana 36, tana iya yin sa sau da yawa a jere sannan ta yi shiru na wasu watanni. Al'aurar jinsin biyu a ɓoye take cikin tsaga a ƙasan ciki, mace tana da ƙananan tsagogin nono biyu a gefen tata. Barbarar kanta ciki da ciki ake yi, ba ta wuce daƙiƙoƙi kaɗan, amma ana maimaita ta sau da yawa.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai kiwo shi ne halin mazan. A mashigin Shark Bay da ke yammacin Ostareliya, inda Richard Connor da abokan aikinsa suke bin dolfin tun 1982, maza biyu ko uku sukan haɗa kai su ware mace guda, su tsare ta na sa'o'i, wani lokaci har makonni. Idan ta nemi gudu sai su bi ta, su yi mata wata ƙara mai kama da ƙwanƙwasa, su mare ta da wutsiya ko su cije ta. Waɗannan ƙananan ƙawance suna cikin wata babbar ƙungiya ta maza 4 zuwa 14 da ke taimakon juna wajen ƙwace mace ko kare wadda suka riƙe. A Sarasota ta jihar Filorida a Amurka, inda aikin Randall Wells ya faro a 1970, maza bibbiyu suke ƙulla abota, wasu har shekara 20 suna tare. A Moray Firth ta Sikotlan kuwa ba a ga irin wannan ƙawance mai ƙarfi ba, amma can ne aka samu gawarwakin jarirai ɗauke da raunukan da manyan dolfin suka ji musu. Macen da ta rasa jaririnta takan koma sakin ƙwai da wuri, kuma wannan ne bayanin da aka fi bayarwa kan kisan jarirai.

A teku mace tana da filin gudu, tana da zurfin nutsewa, tana kuma haɗuwa da maza daban-daban a kaka guda. Tafki ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun.

Barbarar ɗabi'a a tafki

Ita ce mafi sauƙi kuma mafi arha. Ba a bukatar kayan aiki na musamman, ba a fitar da mace daga ruwa, ba a ba ta maganin kwantar da hankali. Namiji lafiyayye yana fitar da maniyyi mai yawan ƙwayoyi ƙwarai, yana kuma maimaita barbara a tsawon kwanakin da mace ke karɓa, don haka shi da kansa yake cike giɓin lokacin da ɗan Adam ke shan wahalar lissafawa. Idan dabbobin biyu lafiyarsu ƙalau kuma sun saba da juna, ciki ba ya wahalar samuwa.

Tsarin da ke aiki shi ne a fara haɗa su ta bayan ƙofar raga na wasu kwanaki, su ga juna, su ji muryar juna. Sai a buɗe da rana, lokacin da ma'aikata ke nan, a bar ƙofar wani tafkin a buɗe don mace ta samu wurin janyewa. Kullum a duba fatarta a rubuta sababbin shacin haƙori, a lura da cin abincinta da yawan numfashinta. Shaci kaɗan ba abin tada hankali ba ne, haka suke mu'amala. Amma macen da ta daina ci, ta rakuɓe a kusurwa guda, ko raunukanta suka yi zurfi, a raba su nan take.

Kuskuren da sababbin ma'aikata suka fi yi shi ne ɗaukar kowace hawa a matsayin alamar cewa mace ta shirya. Dolfin yana wasan jima'i a kowane lokaci na shekara, maza da maza suna yi, ƙanana suna yi, har mace mai ciki ana hawa. Ganin barbara bai isa a rubuta ranar ɗaukar ciki ba. Wanda ya dogara da ido kaɗai zai iya kuskure ranar haihuwa da wata ɗaya ko biyu, kuma wannan kuskuren yana da tsada a ƙarshe.

Matsala ta biyu ita ce uba. Idan maza biyu ko uku suna tafkin, sai gwajin DNA zai nuna wanda ya yi cikin, kuma sau da yawa namiji ɗaya mai rinjaye ne ke haifar kusan duka 'ya'yan. Bayan shekara goma sai a tarar 'ya'yansa mata sun balaga kuma babu namijin da ba ɗan jininsu ba. A nan ne barbarar ɗabi'a take tsada, domin maganinta shi ne kawo sabon namiji. Ɗaukar dolfin mai nauyin kilo 200 ko fiye aiki ne babba: ana ɗora shi a majanyi cikin akwatin ruwa, ana jiƙa fatarsa duk tsawon tafiya don kada zafi ya kama shi, likita na tare da shi, sannan a killace shi na makonni a sabon wuri. Bayan duk wannan yana iya ƙin jituwa da mazan da ya tarar, ko matan su ƙi shi.

Sai kuma abin da ake mantawa: dolfin mai hancin kwalba ba ya zaɓen iri. A Sea Life Park ta Hawai, a 1985, wata mace ta haifi 'ya da namijin wani nau'i daban, Pseudorca crassidens, wanda ya ninka ta girma. Tafkin da aka gauraya nau'o'i, ko aka haɗa truncatus da aduncus, zai iya ba da ɗan da ba shi da gurbi a kowane tsarin kiwo.

Ɗurin maniyyi

An fara samun nasararsa a dolfin a Ocean Park ta Hong Kong, inda aka haifi jarirai biyu na nau'in aduncus a 2001. A 2005 aka haifi ta farko da aka zaɓi jinsinta tun daga maniyyi, a SeaWorld ta San Diego. Dabarar ta kafu, amma a hannun cibiyoyi kaɗan, kuma dalilin hakan zai fito idan aka bi matakan.

Aikin yana farawa da horo, watanni kafin a taɓa wani kayan aiki. Ana koya wa namiji ya kwanta rigingine a bakin tafki, ya fito da azzakarinsa bisa ishara, ya zubar cikin leda mai tsabta. Babban abokin gaba a nan ruwan gishiri ne: ɗigo kaɗan ya shiga ledar, ƙwayoyin sun daina motsi. Fitsari ma haka yake lalata su. Don haka ake ɗaga ƙasan cikin sama da ruwa, a goge shi ya bushe, a karɓi zubi na farko daban da na baya. Ana duba samfurin da madubin ƙara girma, a ƙirga ƙwayoyin, a ga kashi nawa ke tafiya gaba. Idan za a yi amfani da shi cikin kwana ɗaya ko biyu sai a gauraya shi da ruwan kariya a sanyaya. Idan ajiya za a yi, a daskarar da shi cikin ruwan naitirojin a ma'aunin sanyi 196 ƙasa da sifili, inda zai zauna shekaru. Dole a gwada namijin kan cututtukan da ke bin maniyyi, musamman Brucella ceti, wadda ke kama mabiyiya ta jawo ɓari.

Horon mace ya fi tsawo. Sai ta iya ba da fitsari bisa ishara sau biyu ko uku a rana, ta kuma kwanta a gefe shiru na mintuna ana bin cikinta da na'urar hoton ciki. Macen da ba ta iya waɗannan biyun ba, maganar ɗuri ba ta taso ba, domin kama ta da ƙarfi kullum zai dagula zagayen da ake son aunawa.

Don a san lokacin da za a shirya, akan ba ta altirenojes, maganin da aka fi sani da sunan Regu-Mate, a cikin kifin da take ci na tsawon kwana 20 zuwa 30. Yana danne sakin ƙwai. Idan aka tsayar, ƙwai kan fito bayan kimanin mako uku, da saɓanin 'yan kwanaki. Ba kowace mace ce ke amsawa ba, kuma wannan kaɗai yana iya ɓata shirin da aka tara ƙwararru dominsa. Ma'aikaci ya sa safar hannu, domin maganin yana ratsa fata, mace mai juna biyu kuma kada ta taɓa shi.

Daga nan sai sa ido. A hoton ciki ana ganin jakar ƙwai tana girma har ta kai kusan santimita 2, mafi yawanci a ma'ajiyar ƙwai ta hagu. A fitsari ana bin hawan estirojin, sinadarin jiki (homon) da ke ƙaruwa yayin da jakar ƙwai ke girma, sannan tashin LH, homon da ke sa ƙwai ya fita, wanda ba ya daɗewa, ƙasa da kwana ɗaya ya sauka. Ƙwai yana fita kusan awa 24 bayan LH ya kai ƙololuwa. Wanda ke karɓar fitsari sau ɗaya a rana zai iya wuce tashin gaba ɗaya bai gani ba, ya jira wani zagayen na kwana 36. Idan maniyyin daskararre ne, lissafin ya ƙara tsauri, domin bayan narkewa ba ya daɗewa da rai kamar sabo. Sai an ɗura shi dab da fitar ƙwai, ko da tsakar dare lokacin ya faɗo.

Ɗurin kansa yawanci a wajen ruwa ake yi. Ana kwantar da mace a kan katifar soso, ana jiƙa ta, ana ƙirga numfashinta. Likita yana shigar da siririn bututu mai kyamara. Farjin dolfin ba miƙaƙƙe ba ne, yana da naɗi mai kama da bakin mahaifa na bogi, wanda ake kyautata zaton yana tare ruwan teku, kuma wanda bai saba ba zai ɗauka ya iso alhali da saura. Sai an wuce shi, an wuce bakin mahaifa na gaske, sannan a zuba maniyyin a reshen mahaifar da ke ɓangaren ƙwan. Yawan hura iska don a ga hanya, ko daɗewa ana lalube, yana jawo kumburi ya rage damar kamawa.

Ribar duk wannan wahala tana da girma inda ake bukatarta. Kwalbar naitirojin ce ke tafiya a madadin dabba. Namijin da ya mutu yana iya ci gaba da haihuwa. An san uba, an san ranar ɗaukar ciki kusan da awa. Mace ba ta sha bin maza ba. Idan kuma aka tace maniyyin, ta amfani da bambancin yawan DNA na kimanin kashi 4 cikin 100 tsakanin ƙwayar da ke ba da mace da wadda ke ba da namiji, cibiyar da maza suka yi mata yawa za ta iya neman 'ya mace. Sai dai tacewa tana rage yawan ƙwayoyin da ƙarfinsu, na'urar kuma ba kowa ke da ita ba.

Bayan ciki ya shiga

Daga nan hanyoyin biyu sun haɗe, sai a wuri ɗaya: sanin rana. Hawan furojesteron, homon da ke riƙe ciki, a jini alama ce ta farko, amma ba hujja ba ce, don mace na iya riƙe shi sama na watanni babu ɗa a ciki. Hoton ciki ne ke tabbatarwa. Wanda bai san ranar barbara ba zai iya kimanta ranar haihuwa ta auna faɗin kan ɗan tayi da faɗin ƙirjinsa a kai a kai, kuma wannan shi ya sa horon hoton ciki wajibi ne ko ga wanda ya zaɓi barbarar ɗabi'a.

Kafin naƙuda tazarar da ke tsakanin tsagogin nono tana faɗaɗa, cin abinci yana raguwa, zafin jiki kan sauka da kusan digiri ɗaya a kwanan ƙarshe. Wutsiya ce ke fara fitowa a mafi yawan haihuwa. Jaririn yana da tsawon mita ɗaya ko ɗan fiye, fiffiken bayansa a lanƙwashe, jikinsa da layukan naɗin ciki. Cibiya tana tsinkewa da kanta, mabiyiya ta biyo bayan wasu sa'o'i, kuma a tsamo ta a duba ko ta fito duka.

Abin da za a fi sa wa ido shi ne shan nono na farko. Mabiyiyar dolfin ba ta barin garkuwar jikin uwa ta ratsa zuwa ɗa, sai ta dakashi yake samun ta. Kowane kamu daƙiƙoƙi ne kaɗan a ƙarƙashin ruwa, don haka sai an zuba masu ƙirga dare da rana. Jaririn bai iya juyawa da kyau ba, uwa ce ke shiga tsakaninsa da bango, shi kuma yana bin gefenta ruwan da ta tura yana jan sa. A makonnin farko da kyar uwa da ɗa suke tsayawa. Watan farko shi ne mafi haɗari, musamman ga ɗan fari. A teku ma haka ne, har binciken Sarasota ya nuna ɗan fari ne ke kwashe mafi yawan gubar masana'antu da uwa ta tara a kitsenta, ta hanyar nono. A tafki, macen da ta taɓa zama kusa da wata uwa mai shayarwa takan fi iya riƙon nata. Maza kuwa a fitar da su daga tafkin haihuwa tun kafin lokaci, bisa abin da aka gani a Sikotlan. Abincin uwa zai iya ƙaruwa da rabi ko fiye, a sa shi cikin lissafi.

Hanya ta uku, da dokar wuri

Wani lokaci amsar ita ce kada a yi. Idan babu tafkin haihuwa na daban, ko babu inda ɗan zai zauna idan ya girma, hana ciki ya fi. Raba maza da mata shi ne mafi tabbas, amma yana bukatar wuri, kuma yana yanke abota. Altirenojes na kullum yana aiki muddin ba a tsallake ba, kifi ɗaya da ta tofar ba a lura ba yana iya buɗe ƙofa. Dashen desilorelin, wani maganin hana ɗaukar ciki, a ƙarƙashin fata yana hutar da ba da magani kullum, sai dai yakan fara da zaburar da haihuwa kafin ya danne ta, kuma ba a iya faɗin ranar da zai sake ta.

Doka ma tana iya rufe maganar tun kafin a fara. Kanada ta haramta kiwon haihuwar dolfin da dangoginsa a tsare a 2019, Faransa kuma a 2021 ta yi dokar da ke kawo ƙarshensa. Ketare iyaka da dabbar, ko da maniyyinta, yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, sai da takardun izini.

To wace za a ɗauka?

Cibiyar da ke da namiji lafiyayye wanda ba ɗan jinin matan ba, da tafkuna aƙalla biyu masu ƙofa a tsakani, ta bar su su yi da kansu, ta zuba kuɗinta a horon hoton ciki da tafkin haihuwa. Ɗuri a irin wannan yanayi ƙarin haɗari ne ga mace ba tare da ƙarin amfani ba.

Cibiyar da duk mazanta uba ne ko 'yan'uwa ga matan, zaɓinta tsakanin ɗauko namiji ne da ɗauko maniyyi. Idan matan sun iya ba da fitsari da kwanciya don hoto, kuma akwai likitan da ya taɓa wuce wancan naɗin da hannunsa, maniyyi ya fi. A fara da sanyayayye idan namijin yana inda za a iso cikin kwana ɗaya, a bar daskararre ga tafiya mai nisa, a kuma shirya wa zagaye biyu ko uku, kada a ɗora rai kan na farko. Idan ba a yi horon ba, a ba mace altirenojes a yi shekara ana horar da ita.

Macen da aka zaɓa don ɗurin farko ta kasance wadda ta taɓa haihuwa ta raini ɗanta har yaye, wadda kuma aka bi zagayenta a hoto aƙalla sau biyu aka ga ƙwai ya fita. Idan maniyyin na namijin da ya mutu ne kuma 'yan bututu kaɗan suka rage a kwalba, kada a gwada shi a kan macen da ba ta taɓa haihuwa ba.